Wajabta Darasin Zamantakewa da Illar Shaye-shaye a Makarantu

Abin da ake nufi da wajabta darasi shi ne hukuma ta sanya shi cikin manhaja, wato tsarin abubuwan da aka amince a koya wa ɗalibai aji bayan aji, ta kuma ɗora wa kowace makaranta nauyin koyar da shi, ta yadda shugaban makaranta ba zai sami damar cewa ba ya so ko ba shi da lokaci ba. Darussa biyu ne ake yawan kira a yi musu wannan gata a zamanin nan. Na farko shi ne ilimin zamantakewa, wanda ya ƙunshi yadda yaro zai zauna da iyayensa da 'yan'uwansa da abokansa, da yadda zai gane mai nufinsa da alheri da mai nufinsa da sharri, da abin da ya kamata ya sani game da balaga da neman aure da zaman iyali gwargwadon shekarunsa. Na biyu shi ne ilimin illar shaye-shaye, wato sanin abin da ƙwaya da giya da taba suke yi wa jiki da hankali, tare da koyon yadda ake ƙin karɓarsu idan an miƙo. Wannan takarda tana goyon bayan wajabta darussan biyu, amma da sharuɗɗan da idan ba a cika su ba dokar za ta zauna a takarda kawai, ɗalibai kuwa su gama makaranta kamar ba a yi ta ba.

Girman matsalar shaye-shaye a Nijeriya ya daina zama abin ƙiyasi tun watan Janairun 2019, lokacin da aka fitar da sakamakon binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuffuka. Binciken ya gano cewa mutum miliyan 14.3 masu shekaru 15 zuwa 64, wato kashi 14.4 cikin 100 na masu waɗannan shekaru, sun yi amfani da wani kayan maye a cikin shekarar da ta gabaci binciken, kuma ba a sa giya da taba sigari cikin wannan lissafi ba. Tabar wiwi ce a kan gaba da mutum miliyan 10.6, sai magungunan kashe zafin ciwo irin su tiramol da mutum miliyan 4.6, sannan maganin tari mai sa maye da mutum miliyan 2.4. Ɗaya daga cikin kowane mutum huɗu masu shaye-shayen mace ce, abin da ya kamata ya sa a daina ɗaukar lamarin a matsayin na 'yan daba da zauna-gari-banza kaɗai. A shiyyar Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 12 cikin 100, a Jihar Kano kuwa kashi 16, wanda ya haura mutum miliyan ɗaya.

Ya kamata mai karatu ya lura da irin kayan da suka fi yawo a ƙasar Hausa, domin darasin da aka tsara bisa kayan mayen wata ƙasa ba zai yi wa ɗalibin Kano ko Katsina ko Gusau amfani ba. Tiramol magani ne na asibiti da likita kan rubuta wa mai ciwo mai tsanani, kuma ƙarfin ƙwayar da aka saba bayarwa miligiram 50 ne ko 100, amma wadda ake sayarwa a ɓoye a tasha da bakin kasuwa takan zo da lamba 200 ko 225 a jikin katinta, wani lokaci har 250. Lebura da ɗan acaba da mai noman ƙodago kan sha ta ne da sunan ƙarin ƙarfi, don su wuni suna aiki ba su ji gajiya ba, sai dai jiki yana sabawa da ita, ƙwaya ɗaya ta daina isa, a koma biyu, a koma huɗu, har ranar da mutum zai yanke jiki ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya. Kodin kuwa, wanda ke cikin wasu magungunan tari, akan juye shi ne a robar lemon kwalba, yarinya ta riƙe tana kurɓa a tsakar gida ko a gidan biki ba wanda ya zarge ta, tunda ba shi da warin giya, ba shi da hayaƙin taba. Duka biyun dangi ɗaya ne a wajen masana magunguna, kuma babban haɗarinsu shi ne rage numfashi, musamman idan aka haɗa su da giya ko da ƙwayoyin sa barci irin su roci, inda mutum zai kwanta barci numfashinsa ya yi ta raguwa har ya tsaya. Gwamnatin Tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a ranar 1 ga Mayu, 2018, jim kaɗan bayan wani binciken ƙwaƙwaf na BBC ya nuna yadda ake karkatar da shi daga kamfanoni zuwa kasuwar bayan fage, amma hanin bai hana masu nema komawa ga wasu abubuwan ba, daga sholisho zuwa gadagi da zaƙami.

Giya tana da wani matsayi dabam. A jihohin Arewa goma sha biyu da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci daga shekarar 2000 an taƙaita sayar da ita, kuma Hisbah ta Kano ta sha farfasa kwalabenta a bainar jama'a, don haka wasu na ganin ba a bukatar ambatonta a aji. Wannan ganin bai yi la'akari da cewa ɗalibin yau shi ne zai tafi jami'a ko hidimar ƙasa ko ci-rani a garin da ake sayar da barasa a ƙananan ledoji a teburin mai kayan tireda ba, a farashin da bai fi ƙarfin kuɗin tarar ɗan makaranta ba. Wannan arha da sauƙin ɓoyewa a aljihu ne ya sa hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta fara aiwatar da hanin irin wannan ƙunshi a farkon 2024.

Dalilin zaɓen makaranta a matsayin wurin wannan aiki ya danganci shekaru. Masana sun tabbatar cewa sashen ƙwaƙwalwa mai auna sakamakon aiki da danne sha'awa ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara ashirin, alhali son gwada sabon abu da neman yardar abokai suna tashi tun farkon balaga, kuma wanda ya fara shaye-shaye yana ƙaramin saurayi ya fi wanda ya fara da girma shiga haɗarin kamuwa. Ke nan jinkirta farawa ko da shekara biyu ko uku riba ce babba, ko da ba a kai ga hanawa gaba ɗaya ba. Makaranta ce kaɗai wurin da ake tara yara masu shekaru goma zuwa goma sha biyar kullum, a ƙarƙashin babban da aka biya don ya koya musu, kuma wajabtawa ce take sa ɗan talakan da ke makarantar gwamnati a ƙauye ya sami abin da ɗan mai hali zai iya samu a makarantar kuɗi.

Ilimin zamantakewa shi ne ya fi jawo taƙaddama, kuma akwai bukatar a faɗi gaskiya cewa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Ɗalibin da ya karanta Ahalari a zaure ko a Islamiyya ya ji hukuncin tsarki da janaba da haila da biƙi a bakin malaminsa ba tare da wani ya ce an ɓata shi ba, wanda kuma ya kai Risala ya karanta babin aure da saki da idda. A gida ma akwai tsarin da al'ada ta tanada saboda kunyar da ke tsakanin iyaye da 'ya'yansu, musamman ɗan fari: kaka, wadda wasa ya halatta tsakaninta da jika, ita ce mai faɗar abin da uwa ba za ta iya faɗa ba, gwaggo da inna kuma su ne masu zaunar da amarya su yi mata faɗa kafin a kai ta ɗakinta. Wannan tsari ya yi rauni a birane, inda ma'aurata suke zaune a gidan haya nesa da babban gida, kunyar kuwa tana nan yadda take, sai aka sami giɓi, iyaye ba su faɗa ba, kaka ba ta kusa, wayar hannu da abokai suka zama malamai. Yaron da ba a taɓa gaya masa cewa akwai sassan jikinsa da ba wanda yake da ikon taɓawa ba, ko malami ne ko maƙwabci ko ɗan'uwa, kuma idan an yi masa haka akwai wanda zai gaya wa ba tare da an doke shi ba, shi ne wanda masu lalata yara suka fi samun sauƙinsa, domin makaminsu shi ne shirun yaron.

Yadda aka yi a Ingila

Ingila tana daga cikin ƙasashen da suka bi wannan hanya har ƙarshe, kuma tarihinta ya nuna cewa ko a inda ake da kuɗi da malamai abin bai zo da sauƙi ba. Shekaru da yawa darasin yana nan a makarantunsu a matsayin na ganin dama. An yi yunƙurin wajabta shi a 2010, aka cire sashen daga ƙudurin dokar ana dab da babban zaɓe. A 2013 hukumar duba makarantu ta ƙasar, Ofsted, ta ba da rahoton cewa koyar da darasin bai kai yadda ake so ba a kashi 40 cikin 100 na makarantun da ta duba. Wani kwamitin majalisar dokoki ya ba da shawarar wajabtawa a 2015, gwamnati ta ƙi a farkon 2016, sai a 2017 aka sa batun cikin dokar da ta shafi yara da aikin jin daɗin jama'a. An fitar da cikakken jagora a 2019, wanda ya maye gurbin na shekarar 2000 da aka rubuta tun wayar zamani ba ta shiga hannun yara ba, aka kuma fara aiki da shi a watan Satumban 2020, kodayake annobar korona ta sa aka ɗaga wa makarantu ƙafa zuwa 2021. Wato an shafe shekara goma tsakanin yunƙurin farko da shiga aji.

Abin koyi a tsarin nasu shi ne yadda aka rarraba darasin maimakon a dunƙule shi. A firamare ilimin zamantakewa aka wajabta, wato iyali da abota da girmama juna da kare kai a fili da a intanet. A sakandare aka ƙara ilimin jima'i. Ilimin lafiya kuwa, inda bayanin ƙwaya da giya da taba yake, aka wajabta shi daban a duk makarantun da gwamnati ke ɗaukar nauyinsu. Iyaye suna da ikon neman a cire ɗansu daga sashen jima'i har zuwa zango uku kafin ya cika shekara 16, amma ba su da ikon cire shi daga sashen zamantakewa ko na lafiya, kuma dole kowace makaranta ta rubuta manufarta bayan ta tuntuɓi iyaye. Duk da haka rikici ya tashi a birnin Bamingam a 2019, inda iyaye, mafi yawansu Musulmi, suka yi makonni suna zanga-zanga a ƙofar wasu makarantun firamare biyu saboda darussan da suka ambaci iyalan masu auren jinsi, suna cewa ba a shawarce su ba kuma abin ya saɓa wa addininsu, har sai da babbar kotu ta hana taruwa a kusa da ɗaya daga cikin makarantun a watan Nuwamban shekarar. Ba abin da manhajar Ingila ta ƙunsa ne ya kamata a kwaso ba, domin kowace al'umma da abin da ta yarda da shi. Abin ɗauka shi ne cewa wajabtawa tana tafiya ne tare da sanin iyaye, kuma inda aka bari suka ji labarin darasi a bakin yaro ko a jita-jitar unguwa, to an riga an yi asarar yardarsu.

Abin da aka riga aka gwada a Nijeriya

Nijeriya ba ta fara daga sifili ba. A 2003, lokacin da cutar ƙanjamau take kan ganiyarta, Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Ƙasa, wadda ita ce mai tsara manhajar makarantu, ta fitar da manhajar ilimin rayuwar iyali da cutar ƙanjamau, bayan an sassauta wani daftari na farko da shugabannin addini suka ƙi, aka kuma bar wa jihohi damar daidaita ta da al'adunsu. Ba a mayar da ita darasi mai zaman kansa ba, an barbaza ta ne cikin darussan da ake da su, kamar kimiyya da nazarin zamantakewa. Legas ta riƙe ta da gaske, ta horar da malamai, wasu jihohin kuwa suka karɓa da baki kawai. A watan Nuwamban 2022 Ministan Ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya umarci hukumar da ta cire ilimin jima'i daga manhajar ilimin matakin farko, yana mai cewa wannan aikin iyaye ne da malaman addini. Ƙungiyoyi da dama suka yi ca, wasu suna yabo wasu suna suka.

Hujjar ministan tana da ƙarfi a wuri guda, domin babu mai musun cewa iyaye ne suka fi kowa haƙƙi a kan tarbiyyar 'ya'yansu, amma tana da rauni a inda ta ɗauka cewa duk iyaye suna yin aikin, kuma ta manta da yaron da wanda yake cutar da shi yana cikin gidan. Akwai kuma wata asarar da ba a cika ambata ba. Idan aka ɗaure bayanin ƙwaya da bayanin jima'i a dami ɗaya, duk ranar da aka yi rigima a kan na biyun sai a yar da damin gaba ɗaya, alhali ba a taɓa jin liman ko fasto ko mai unguwa da ya ƙi a gaya wa yara illar tiramol ba. Saboda haka hikima ita ce a raba su a doka da a jadawali: a wajabta ilimin illar shaye-shaye da ilimin kare kai daga cin zarafi nan take, tunda ba su da abokin gaba, sashen balaga da aure kuma a zauna da malaman addini da iyaye a jiha-jiha a tsara shi, a raba maza da mata a lokacin koyar da shi, mace ta koya wa mata. A tsakiyar 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi sun sanar da amincewa a sa ilimin illar ƙwayoyi a manhajar sakandare. Sai dai ilimi a tsarin mulkin Nijeriya abu ne da tarayya da jihohi suka yi tarayya a kansa, kuma mafi yawan makarantun sakandare na jihohi ne, don haka abin da aka sanar a Abuja ba ya zama darasi a Ɗambatta ko Funtuwa sai gwamnatin jiha ta sa kuɗinta da malamanta.

Irin koyarwar da take aiki

Kuskuren da aka fi yi shi ne zaton cewa tsoratarwa ita ce koyarwa. A tara ɗalibai a filin taro da rana, a kawo jami'i cikin kaki ya nuna hoton mahaukaci a bola, ya ce duk wanda ya taɓa ƙwaya ga makomarsa, a tafa, a watse. Amurka ta gwada makamancin haka da kuɗi masu yawa. A 1983 aka fara wani shiri mai suna DARE a birnin Los Anjalis, inda 'yan sanda suke shiga aji suna gargaɗin yara, shirin ya bazu har ya kai mafi yawan gundumomin makarantun ƙasar, amma binciken da aka yi ta yi daga shekarun 1990 ya nuna cewa yaran da suka bi ta cikinsa ba su bambanta da sauran ba wajen shaye-shaye bayan 'yan shekaru, har dole aka sauya manhajarsa a 2009. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yaron da aka ce masa zuƙa ɗaya tana haukatarwa, alhali ya san wani a layinsu da yake sha shekara da shekaru yana kuma zuwa kasuwa, zai yanke hukuncin cewa malam ƙarya yake yi, daga nan kuma sauran maganar, har da ta gaskiya, ta zube.

Hanyar da bincike ya fi goyon baya ita ce wadda take koyar da dabarun rayuwa, wato yadda ake yanke shawara, da yadda ake jure matsin abokai, da yadda ake fuskantar ɓacin rai ba tare da neman abin gusar da hankali ba. Misalinta shi ne shirin Unplugged, mai darasi goma sha biyu na kimanin awa guda-guda, wanda aka fara gwadawa a ƙasashen Turai bakwai, daga baya aka daidaita shi aka gwada a wasu makarantun sakandare na Gwamnatin Tarayya a Nijeriya, inda aka ga raguwar shan giya a tsakanin ɗaliban da suka yi shi. A irin wannan aji malamin makarantar ne yake jagoranci, kuma ɗalibai sun fi shi magana. Zai fito da yara uku gaban allo, biyu su zama abokan da suka tare na ukun a bayan shago bayan an tashi daga kallon ƙwallo, ɗaya ya miƙa masa kati ya ce, "Haba abokina, guda ɗaya ce fa, ko kai ɗan gatan Hajiya ne?" Na ukun ya nemi amsar da zai bayar wadda ba za ta sa a yi masa dariya ba, ba kuma za ta jawo faɗa ba, sauran aji su ce wannan ta yi, wannan ba ta yi ba, a sake, a sauya masu wasan, har kowa ya ji kalmar ƙi ta fita daga bakinsa sau da yawa kafin ranar da zai bukace ta da gaske. A wani darasin malam zai tambayi aji su ƙiyasta mutum nawa cikin goma ne suke shaye-shaye, yawanci su ambaci adadi mai yawa, sannan ya nuna musu lissafin gaskiya. Alƙaluman 2019 da suka tayar da hankali su ne kuma suke nuna cewa kusan mutum shida cikin bakwai ba su taɓa kayan mayen da aka ƙirga ba a shekarar da binciken ya duba, kuma wannan rabin labarin ya fi amfani ga yaro, domin wanda ya gaskata cewa kowa yana sha zai ga ƙin shan ne baƙon abu. Mai wa'azin da yake cewa matasan yanzu duk sun lalace yana taimakon dillali ne bai sani ba.

Ƙasar Aisland ta nuna iyakar abin da aji zai iya shi kaɗai. A 1998 kashi 42 cikin 100 na 'yan shekara 15 da 16 a can sun ce sun bugu da giya a watan da ya wuce, zuwa 2016 adadin ya sauko kashi 5. Ba da darasi kawai aka cimma haka ba: an hana yara yawon dare da doka, an sa iyaye sun yi alkawarin sanin inda 'ya'yansu suke da waɗanda suke tare da su, gwamnati kuma ta zuba kuɗi a wasanni da kiɗa da sauran ayyukan bayan makaranta. Ƙasa ce ƙarama mai arziki, mutanenta ba su kai na wasu ƙananan hukumomin Kano ba, don haka ba a kwatanta ta da Nijeriya kai tsaye, amma tambayar da ta amsa, wato ina yaro yake tsakanin la'asar da isha'i, tambaya ce da kowace unguwa za ta iya yi wa kanta.

Sharaɗin da ya fi kowanne nauyi shi ne malami. Darasin da ba a yin jarrabawarsa a WAEC ko NECO shi ne na farkon da ake sadaukarwa idan zango ya ƙure, kuma shi ake miƙa wa duk malamin da jadawalinsa yake da sarari, ko ɗan hidimar ƙasa da zai tafi bayan wata goma sha ɗaya. Malamin da ba a horar ba, idan ya iso shafin balaga sai kunya ta kama shi ya tsallake, idan ya iso shafin ƙwaya sai ya rubuta sunayensu a allo ɗalibai su kwafa su haddace, wanda hakan bai wuce ba su jerin abin da za su tambaya a kemis ba. Mayar da darasin na jarrabawa ma ba magani ba ne, tunda ɗalibi zai iya cin maki ɗari a kan illar kodin da safe ya sha shi da yamma. Abin da doka za ta tanada shi ne lokaci tsayayye a jadawali, ko da sau ɗaya ne a mako, da malamai biyu aƙalla, mace da namiji, da aka horar a kowace makaranta, da shigar da horon cikin karatun kwalejojin ilimi domin kada ya dogara da bitar kwana uku da wata ƙungiyar waje za ta ɗauki nauyi ta tafi. Akwai kuma matsalar cunkoso, domin wasan kwaikwayon da aka bayyana a sama yana yiwuwa a aji mai ɗalibai arba'in, amma a aji mai sama da ɗari, wanda ba baƙon abu ba ne a makarantun gwamnati na manyan biranen Arewa, dole a raba yara rukuni-rukuni, wannan kuwa ƙarin lokaci ne da ƙarin malamai.

Darasi mai kyau yana buɗe bakin yara, kuma dole makaranta ta shirya wa abin da za ta ji. Wata rana ɗaliba za ta tsaya bayan an tashi ta ce, "Malama, akwai maganar da nake so in gaya miki," ta ambaci wani babba a gidansu ko a makarantar, wani ɗalibin kuma zai ce shi ya riga ya fara sha kuma ya kasa bari. Idan abin da zai biyo baya shi ne bulala a gaban taro da takardar kora, to ba wanda zai sake magana, kuma korar ba ta yi komai ba illa miƙa yaron ga dabar da ake tsoro. Kamuwa da ƙwaya ciwo ne da yake da magani, ana kuma duba masu shi a asibitocin ƙwaƙwalwa irin na tarayya da ke Kaduna da na Ƙware a Jihar Sakkwato da na Maiduguri, sai dai guraben ba su da yawa, kuma wannan ƙarancin ne ya tura iyaye da yawa ga gidajen mari, irin wanda 'yan sanda suka buɗe a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019 suka fito da mutum sama da 300, wasunsu da sarƙa a ƙafa. Saboda haka dokar wajabtawa ba ta cika ba sai ta fayyace wanda malami zai kai wa rahoto, da yadda za a rufa wa yaro asiri, da asibitin da za a tura shi.

Saura waɗanda dokar ba za ta iske su ba ko kaɗan. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta riga ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta, amma Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya daɗe yana ƙiyasta yaran Nijeriya da ba sa zuwa makaranta da sama da miliyan 10, mafi yawansu a Arewa. Almajirin tsangaya, da yarinya mai talla, da yaron gareji, da kwandastan mota, su ne suka fi kusa da mai sayar da ƙwaya, su ne kuma ba su da aji. Kai musu wannan ilimi yana bukatar a fassara manhajar zuwa Hausa da Fulatanci da Barbarci, a rubuta ta da boko da ajami, a horar da alarammomi da malaman Islamiyya kamar yadda za a horar da na boko, a shiga da ita ƙungiyoyin direbobi da na makanikai da na masu Keke Napep ta hannun shugabanninsu, a kuma saya mata lokaci a gidajen rediyo, waɗanda har yanzu su ne suka fi kowace kafa isa ƙauye da tasha. Kuɗin wannan sashe ba zai fito daga kasafin ma'aikatar ilimi ita kaɗai ba, don haka tun a daftarin dokar ya kamata majalisar jiha ta ambaci kason ma'aikatar lafiya da na ƙananan hukumomi da na hukumar da ke kula da makarantun allo da Islamiyya.